Ina Ya Dace Manhaja Ta Ajiye Saitin Mai Kwamfuta?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, wanda ya ji shi daga nesa zai ce bai kai a tara jama'a dominsa ba. Tambaya ce ƙwaya ɗaya. Idan mutum ya buɗe wata manhaja a kwamfutarsa, ya ƙara girman rubutu saboda idonsa, ko ya zaɓi harshe, ko ya nuna mata foldar da ya ke so ta riƙa zuba masa aiki, to, a ina ya dace manhajar ta rubuta wannan zaɓi don ta tuna da shi gobe? Ɗan fayil ɗin da a ke rubuta irin wannan zaɓi a cikinsa shi mu ke kira fayil ɗin saiti. Galibi nauyinsa bai kai na hoto guda na wayar hannu ba. Duk da haka, gardamar da a ke yi a kan mazauninsa ta girmi kowane ɗalibi da ke zaune a zauren nan, kuma har yau ba ta mutu ba.

Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan sashen kimiyyar kwamfuta, za su rubuta manhaja a aikinsu na shekarar ƙarshe, wasu ma gobe su za a kira su rubuta wa makaranta ko kantin magani abin da za a yi shekara da shekaru ana aiki da shi. Sauranmu kuwa, ko ba mu taɓa rubuta layi ɗaya ba, mun san abin da kan faru in an kai kwamfuta wurin mai gyara ya wanke ta, ya sake zuba mata babbar manhaja, watau irin su Windows ko Linux. Takardu su dawo, hotuna su dawo, amma duk gyare-gyaren da mutum ya yi wata da watanni yana yi wa kayan aikinsa sun tafi ke nan, domin babu wanda ya san inda su ke balle ya kwafe su.

Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kare shi, shi ne manhaja baƙuwa ce a kwamfutar mutum. Baƙo kuwa ba ya shiga gida ya zaɓar wa kansa ɗaki. Yakan tsaya a zaure a nuna masa masauki, in an nuna masa kuma ba ya zube kayansa duka wuri ɗaya, na sawa da na ci da na zubarwa.

Bari mu fara da amsar da ta fi saurin zuwa wa sabon marubucin manhaja, watau a ajiye saitin a gefen manhajar, cikin foldar da aka girka ta. Wannan amsa tana da tarihi. A zamanin DOS da farkon Windows haka a ke yi, domin kwamfuta ta mutum ɗaya ce, kuma kowace manhaja tana da ikon rubutu duk inda ta ga dama. A Windows 3.1 na 1992, manhajoji da yawa sukan cusa saitinsu cikin wani fayil guda mai suna WIN.INI, wanda ba ya iya wuce kilobayit 64, ga shi kuma kowa na da ikon taɓa layin kowa. Da kwamfuta ta zama ta mutane da yawa sai dabarar ta rushe. Ku dubi ɗakin kwamfuta na kowace tsangaya, inda ɗalibai da dama ke bin layi a kan na'ura ɗaya. In saitin yana gefen manhaja, wanda ya zo ƙarshe shi ke da iko, kuma jerin takardun da wani ya buɗe jiya yana nan a fili wanda ya biyo bayansa ya karanta. Ban da haka, ranar da aka cire manhajar don a sa sabuwa, foldar takan tafi da abin da ke cikinta.

Kamfanin Microsoft ya rufe wannan ƙofa sosai a Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007. Daga nan manhaja ba ta da ikon rubutu cikin Program Files sai da izinin mai kula da na'ura. Amma da ya ke tsofaffin manhajoji masu wannan ɗabi'a sun yi yawa, sai aka yi musu wayo: in tsohuwar manhaja ta nemi yin rubutu a can, Windows takan karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore a cikin kayan mai amfani, ta bar manhajar tana zaton buƙatarta ta biya. Ku auna abin da wannan zai haifar a kanti mai ma'aikata biyu, kowa da sunan da ya ke shiga kwamfuta da shi. Ɗaya ya gyara farashi, ɗayan ya shiga bai ga gyaran ba, alhali kuwa dukansu sun rantse fayil ɗaya su ke kallo. Mai gyara ya zo ya kwafi wanda ke cikin Program Files, ashe tsohon ne da ba a taɓa shi ba tun ranar girkawa.

Mutanen Unix ba su faɗa wannan rami ba, domin tun da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikin a ɗakin bincike na Bell a Amurka cikin 1969, an gina shi ne don mutane da yawa, kowa da foldar gidansa. Nasu ramin daban ne, kuma labarinsa yana da ban dariya. A cikin kowace folda ta Unix akwai sunaye biyu na musamman: ɗigo ɗaya, mai nufin foldar da a ke ciki, da ɗigo biyu, mai nufin wadda ke samanta. Ba a so umurnin ls, mai jero abin da ke cikin folda, ya riƙa nuna su kullum. Rob Pike, wanda ya yi aiki a wannan ɗakin bincike, ya ba da labari a 2012 cewa wanda ya rubuta gyaran ya bi gajeriyar hanya: maimakon ya ce a tsallake waɗannan sunaye biyu kaɗai, sai ya ce a tsallake duk sunan da ya fara da ɗigo. Da sauran marubuta suka lura cewa fayil mai ɗigo a gaba ba ya fitowa a jeri, sai kowa ya fara ɓoye saitinsa ta wannan hanya a tsakiyar foldar gida. Abin da ya fara a matsayin ƙyuiyar rubuta layi guda ya zama al'ada, al'adar kuma ta zama kamar doka.

Duk mai Linux a cikinku, in ya koma ɗaki, ya umurci na'urarsa ta nuna ɓoyayyun fayil na foldar gidansa. Zai tarar da tsakar gidan cike da tarkace: .bashrc, .ssh, .gitconfig, da wasu da yawa waɗanda manhajojin da suka haife su an daɗe da cire su. Wasu kan ce ai ido ba ya ganinsu, mene ne abin damuwa? To, shara da aka tura ƙarƙashin gado tana nan a ɗaki. Kuma ainihin cutar ta wuce ƙazanta. Cikin irin wannan folda mai ɗigo, manhaja takan haɗa abubuwa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka: zaɓin mutum, wanda 'yan layuka ne, da kayan da ya tara kamar wasiƙu, da kwafin hotunan shafukan intanet da aka ajiye don saurin buɗewa, wanda kan kai ɗaruruwan megabayit, da kuma kalmar sirri. Wanda ya so ya kwafi saitinsa zuwa filash tilas ya kwashi tarkacen duka. Wanda faifansa ya cika ya so ya yi shara, tsoro ya hana shi, domin bai san wanne ne bola wanne ne dukiya ba.

A nan ne mu ke so ku ba mu hankalinku, domin nan zuciyar maganar ta ke. Kafin a tambayi inda za a ajiye fayil, sai an tambayi wane iri ne. Muna ganin tambayoyi biyu sun isa su rarrabe su. Ta farko, in fayil ɗin nan ya ɓace a daren yau, me mai kwamfuta ya rasa? Ta biyu, in an ɗauke shi an kai wata kwamfuta, zai yi amfani ko zai yi ɓarna?

Ɗauki zaɓin harshe da girman rubutu. In sun ɓace mutum zai ji haushi, ya sake saitawa, in an kai su wata na'ura kuwa daidai ne, domin idonsa da harshensa ba su sauya ba. Wannan shi ne saiti na haƙiƙa. Ɗauki wasiƙun da manhajar wasiƙa ta sauko da su, ko ƙamus na kalmomin Hausa da mutum ya yi shekara yana koya wa manhajar rubutu don ta daina ja masa jan layi a ƙarƙashin kowace kalma. In wannan ya ɓace an yi hasara ta gaske. Shi kaya ne, ajiyarsa daban. Ɗauki kwafin hotunan intanet: in ya ɓace babu abin da aka rasa sai ɗan jinkiri, manhaja za ta sake samo shi. Wannan ajiyar wucin gadi ce, kuma ya kamata mai gida ya iya share ta ido rufe. Akwai kuma wani iri na huɗu da ya fi ruɗa mutane, watau abin da manhaja ke tunawa game da halin da aka bar ta: wurin da tagarta ta tsaya a kan allo, da jerin takardun da aka buɗe kwanan nan. Yana kama da saiti amma ba shi ba ne, domin mutum bai zaɓe shi da gangan ba, kuma in an kai shi wata kwamfuta yakan yi ɓarna. Tagar da aka bari a kan allo na biyu a ofis, in aka kai bayaninta ƙaramar kwamfutar hannu mai allo ɗaya, tana iya buɗewa a wajen allo inda ba mai ganinta.

Abin sha'awa shi ne manyan gidaje uku na duniyar kwamfuta, duk da rashin jituwarsu, kusan wannan rabo suka yi. A ɓangaren Linux, ƙungiyar freedesktop.org, wadda Havoc Pennington ya kafa a 2000, ta fitar da ƙa'idar da a ke kira XDG a 2003. Ta ce saiti ya tafi .config, kaya su tafi .local/share, ajiyar wucin gadi ta tafi .cache. Sai a 2021 aka ƙara .local/state domin iri na huɗun nan, watau an yi shekara 18 kafin a yarda cewa yana buƙatar ɗakinsa. A Windows, tun daga Vista, kowane mai amfani yana da AppData, cikinta akwai Roaming da Local. A ma'aikatun da aka shirya haka, abin da ke Roaming yana bin ma'aikaci duk kwamfutar da ya shiga, ana kwafe shi zuwa uwar garke in ya fita, a sauko da shi in ya shiga. Local kuwa tana zaune a na'ura ɗaya. A Apple, tun System 7 na 1991 akwai foldar Preferences, kuma daga Mac OS X na 2001 kowane mai amfani yana da Library, cikinta da Preferences da Application Support da Caches, har manhajar Time Machine mai yin kwafin ajiya ba ta ɗaukar abin da ke Caches. In mutane uku da ba sa ga maciji da juna suka raba gida iri ɗaya, lalle akwai dalili a cikin kayan da a ke rabawa.

Sanin sunan ɗaki bai isa ba in ba a kiyaye abin da a ke sawa a ciki. Manhajoji da dama na yau an gina su ne da Electron, wanda a bisa ɗabi'arsa ya ke tara kusan kome a folda ɗaya, cikin Roaming a Windows, cikin .config a Linux, har da ajiyar wucin gadi. Sakamakon haka foldar da aka yi domin 'yan layukan saiti takan kumbura, ma'aikaci a ofis mai raunin sadarwa ya zauna yana jiran tarkace su sauko kafin ya fara aiki.

Akwai wani wuri da ke jan hankalin masu kyakkyawar niyya, shi ne foldar Documents. Hujjarsu ita ce mai kwamfuta yana ganinta, kuma mai gyara ba ya mantawa da ita. Masu wasannin kwamfuta sun daɗe suna zuba nasu a can, ko da ya ke Vista ta tanadar musu folda ta musamman mai suna Saved Games. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba. Documents ɗakin mai gida ne, abin da ya sa da hannunsa shi ya kamata ya gani a ciki. Bugu da ƙari, a kwamfutoci da yawa yanzu OneDrive yana kwafar wannan folda zuwa intanet duk sa'ad da wani abu ya sauya a cikinta. A ƙasar da a ke biyan kuɗin intanet na wata ba iyaka, wannan ƙaramin abu ne. Ɗalibin da ya sayi data da kuɗin abincinsa ya jona kwamfuta da wayarsa, shi zai gaya muku ko ƙarami ne.

Yanzu sai mu zo ga rabin maganar na biyu, watau tambayar masauki. Wani zai ce tunda mun san sunayen nan, sai kawai mu rubuta adireshin cikin manhaja mu huta. Kada ku yi haka. A Windows XP na 2001, kayan mai amfani suna ƙarƙashin Documents and Settings ne, a Vista suka koma Users. A XP na Jamusanci ma sunan foldar Dokumente und Einstellungen ne, Program Files kuma Programme. Duk manhajar da ta haddace adireshin Turanci, in ta je Jamus sai ta gina wa kanta wata folda a gefe. A nan gida ma, masu gyara sukan raba faifai gida biyu, C da D, su mai da kayan mutum D don su tsira ranar wanki. A Linux ƙa'idar XDG ta ba mai kwamfuta ikon sauya wuraren nan duka ta hanyar sunaye irin su XDG_CONFIG_HOME, kuma .config mazauni ne kawai na sa'ad da bai faɗi kome ba. Tsarin Flatpak, mai killace kowace manhaja a shingenta, da wannan iko ya ke amfani ya karkatar da saitinta zuwa cikin .var/app. Manhajar da ta tambaya za ta sami masauki a ko'ina cikin waɗannan, wadda ta yi zato kuwa sai ta ci karo da bango.

Ga misalin inda zato ya kai wani. A watan Janairu na 2015 wani mai Linux ya matsar da foldar manhajar wasanni ta Steam zuwa wani faifai, abin da ya ke da cikakken iko ya yi. A cikin rubutun da ke tayar da manhajar akwai umurnin share duk abin da ke cikin foldarta in za a sabunta. Da aka matsar da ita, sunan foldar ya fito fanko, umurnin ya koma share kome tun daga tushen faifai. Duk fayil ɗin da mutumin ke da iko a kansa ya tafi, har da faifan waje da ya ke ajiye kwafin kayansa, domin yana jone a lokacin. Gaskiya ne foldar girkawa ce wannan ta shafa, amma ciwon ɗaya ne, watau manhaja ta ɗauka cewa inda ta bar abu jiya nan zai kasance har abada, ba ta duba ba.

Tambayar kuwa ba ta da wuya. Windows tana da kira mai suna SHGetKnownFolderPath. Mai rubutu da Qt yana da QStandardPaths, mai Python yana da platformdirs, harshen Go kuma tun 2019 yana da os.UserConfigDir. Layi ɗaya ne ko biyu, ya ba ka adireshin da ya dace a kowace babbar manhaja, ka buɗe folda da sunan manhajarka a ciki. Wanda ya ƙi wannan ba wahala ya guje wa ba.

Game da Rajistar Windows, wadda wasu ke zuba saiti a ciki maimakon fayil, ba za mu daɗe ba. Halal ce, kuma ɓangarenta na mai amfani yana zaune a fayil ɗin NTUSER.DAT cikin kayansa. Sai dai mu mun fi son fayil na rubutu zalla, wanda mutum zai buɗe ya karanta, ya kwafa, ya aika wa abokinsa ya ce duba min abin da ya lalace. A Mac kuwa an fi so a bi hanyar da Apple ta shimfiɗa, domin babbar manhajar tana riƙe da kwafin saiti a ƙwaƙwalwa, wanda ya gyara fayil ɗin da hannu tana iya mayar da tsohon a kansa.

Ba za mu ɓoye muku ba, masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, biyu daga ciki kuma masu nauyi ne. Ta farko, wuraren nan duka ɓoyayyu ne. AppData a ɓoye ta ke, .config ma haka, Apple kuma ta ɓoye Library tun 2011. Ashe mun dawo kan kukan da muka fara da shi, na mai gyara da bai san abin da zai kwafa ba? Amsarmu ita ce ɓoyayyen wuri guda ɗaya sananne ya fi ɓoyayyun wurare hamsin, domin ana iya koya wa mai gyara suna ɗaya. Kuma babu abin da ya hana marubuci ya sa maɓalli a manhajarsa wanda in an danna zai buɗe foldar saitin, ko ya fitar da shi zuwa fayil guda.

Hujja ta biyu ta fi kusa da mu. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta, wanda ofishinsa filash ne a aljihu, yau yana shagon buga takardu gobe yana ɗakin karatu, shi a wurinsa saitin da aka bari a AppData na kwamfutar wani ya ɓace ke nan, kuma ya bar sawunsa a gidan da ba nasa ba. A gare shi gefen manhaja shi ne daidai. Mun yarda da wannan ƙwarai. Amma ku lura da yadda masu hankali suka warware shi. Notepad++ yana ajiye saiti a gefensa in ya ga wani ɗan fayil mai suna doLocalConf.xml a foldarsa. Visual Studio Code, in an sauko da shi a dunƙule ba tare da girkawa ba, yana yin haka in an buɗe masa folda mai suna data. Watau mai kayan ne ya nuna masaukin da hannunsa, baƙon ya bi. Wannan bai saɓa wa abin da muka faɗa ba ko kaɗan.

Kalmar sirri kam ba ta da wuri a fayil ɗin saiti ko ina aka ajiye shi. Saiti abu ne da a ke kwafa, a ke aikawa, a ke mantawa da shi a filash. Manhajar hira ta Pidgin ta shahara da ajiye kalmomin sirri a fili cikin accounts.xml, kowa ya buɗe ya karanta. Kowace babbar manhaja tana da akwatin sirri: Keychain a Mac, Credential Manager a Windows, GNOME Keyring ko KWallet a Linux. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai abu guda da littattafan da a ke rubutawa a Turai kan ambata a gurguje, mu kuwa ya kamata mu tsaya a kansa, shi ne ɗaukewar wuta. Hanyar da ta fi sauƙi ta sabunta saiti ita ce a buɗe fayil, a goge abin da ke ciki, a rubuta sabo. In wuta ta ɗauke tsakanin gogewa da rubutawa, an tashi ba tsuntsu ba tarko. Hanyar kirki ita ce a rubuta sabon a wani fayil na gefe cikin folda ɗaya, a tilasta wa na'ura ta sauke shi kan faifai, sa'an nan a sauya masa suna ya hau kan tsohon, domin sauya suna a tashi ɗaya ya ke faruwa. Matakin tsakiyar nan shi a ke yawan tsallakewa. A farkon 2009, masu gwada sabon tsarin faifai na ext4 a Ubuntu suka riƙa tarar da fayil ɗin saitinsu na KDE da GNOME sun zama fanko bayan na'ura ta mutu ba zato, domin ext4 yana jinkirta sauke rubutu kan faifai, manhajojin kuma ba su tilasta masa ba. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya nuna cewa a bisa ƙa'ida laifin manhajojin ne, amma duk da haka aka sa kariya a Linux 2.6.30 a shekarar. Su can tsautsayi ne na lokaci-lokaci. Kwamfutar tebur da ke kantin magani a garinmu, ba ta da batir, ana sauya ta daga wutar gari zuwa janareta sau da yawa a yini, kullum cikin wannan jarrabawa ta ke. Saboda haka manhajar da ta tarar da saitinta a lalace kada ta ƙi tashi, kada kuma ta share shi shiru. Ta ajiye lalataccen a gefe, ta tashi da saitin asali, ta gaya wa mai ita abin da ya faru.

Saura tambaya ɗaya, wadda za ta sami duk wanda ya gaji tsohuwar manhaja: in an riga an zauna a wurin da bai dace ba, yaya za a yi ƙaura? A nan ne gardamar ta fi zafi, domin miliyoyin mutane da dubban wasu manhajoji sun saba da tsohon adireshi. OpenSSH har yau yana .ssh, Bash yana .bashrc, kuma masu su ba su ga dalilin tashi ba. Buƙatar da aka rubuta wa masu Firefox tun 2004 a kan wannan batu ta yi fiye da shekara 20 tana jira. Waɗanda suka ƙaura lafiya kuwa hanyarsu kusan ɗaya ce. Git ya fara karanta .config/git/config a 2012, bai daina karanta .gitconfig ba. Emacs ya bi sahu a fitowarsa ta 27 cikin 2020, Vim kuma a 2024, dukansu da sharaɗin cewa in tsohon fayil yana nan shi za a bi, sabon wuri sai in babu tsohon. Babu ɗayansu da ya ɗauki fayil ɗin mutum ya matsar da shi ba da saninsa ba, domin mai yiwuwa ne ya jingina wasu abubuwa a kansa waɗanda marubucin bai san da su ba. Tsohon mai amfani ya ci gaba da zamansa, sabo ya sauka a sabon ɗaki, wanda ya so ƙaura kuma ya kwashi kayansa da kansa ranar da ya shirya.

Malam Shugaban Taro, a nan za mu dakata, mu saurari tambayoyin 'yan'uwa.